Masu addu'ar a harba nukiliya, ku zo mu je Bagega

A watan Yunin 2025, kwanakin nan 12 da Iran da Isra'ila sunka yi suna jifar juna da makamai masu linzami, kusan kullum bayan isha'i ina zama wurin wani mai shayi nan Gusau, kuma abin da kunnena ya ji a wurin har yau bai sake ni ba. Samari ne cike da benci kowa da waya a hannu, ana ta miƙa bidiyo daga wanga hannu zuwa wancan, da makami ya faɗo cikin gari sai wuri ya kaure da kabbara. Can sai wani yaro ɗan unguwarmu, na san ubansa sarai, ya dube ni ya ce "wallahi Yaya ni burina Iran ta daina wasa da Isra'ila haka nan, ta sakar musu nukiliya guda ɗaya kowa ya huta." Na kusa da shi ya cafe, ya ce ai mu ma nan da da gaske ake da tuni an samo guda an jefa dajin da ɓarayin nan ke ɓoye an wuce wurin.

Ni ban ga laifin zafin zuciyarsu ba, ko kaɗan. Wanda ya kwana yana kallon gawarwakin yaran Gaza, ko wanda anka sace ƙanwarsa har sai da anka sayar da gona da shanun huɗa kafin a karɓo ta, in ya buɗe baki ba ruwan sanyi zai fito ba. Amma abin da sunka roƙa ɗin nan ba su san shi ba, a zatonsu bam ne babba, irin wanda muke gani a bidiyo amma an ƙara masa ƙarfi. Sai na ce masa ƙanena, shekararka nawa a 2010? Ya ce biyar ko shida. Na ce to shi ya sa.

Dangin mahaifiyata mutanen ƙasar Anka ne, don haka abin da ya faru a wannan shekarar ni ba a rediyo na ji shi ba. Zinari ya yi tsada, maza sunka shiga haƙa, suna cika buhu da dutse su kawo cikin gida, mata su daka a turmi, wani wurin ma injin da ake niƙa gero da shi ake niƙa dutsen, a shanya garin a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Babu wanda ya san dutsen cike yake da dalma. Ƙura ce kawai irin wadda munka saba shaƙa tun muna yara, ba ta wari, ba ta da wani launi na daban, ba ta ƙona hannu. Sai yara sunka fara amai da ciwon ciki, daga nan jijjiga, daga nan suma, kwana biyu uku an kai yaro makwanci. Wasu sunka ce sanƙarau ne, wasu zazzaɓin cizon sauro, wasu sunka ce iska ce ta shigo gari ana ta neman rubutu da hayaƙi. Ɗiyar gwaggona yara biyu ta binne cikin wata biyu, na ukun ya rayu. Sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sunka shigo anka gwada jini da ƙasa kana anka gane. A ƙauyukan Dareta, Abare, 'Yargalma, Sunke, Tungar Daji, Bagega, yara sama da 400 anka rasa.

Kuma ka san abin da ya fi ɗaure wa mutane kai a lokacin? Cewa da anka yi ko an ba yaro magani banza ne muddin zai koma wannan gidan, don gubar na cikin ƙasar ɗakin uwarsa. Dole sai da anka bi gida gida ana kankare saman ƙasa ana kwashewa a kai rami a binne, a ɗebo sabuwa daga wani wuri a zuba. Ƙauyuka ƙalilan fa, amma aikin ya ci shekaru, Bagega ma sai 2013 anka samu yin nata. To mu da munka ga haka da idonmu, mu da munka san cewa akwai mutuwar da ke kwana cikin ƙasa tana jiran yaron da ba a haifa ba tukuna, a ce a bakinmu za a ji ana roƙon nukiliya? Abin ya yi min ciwo gaskiya.

Bahaushe bai yi kuskure ba da ya raɗa masa makamin ƙare dangi. Sau 2 kacal anka taɓa amfani da shi a yaƙi, duka Amurka ce ta jefa wa Japan. Ranar Litinin 6 ga Agusta 1945 da ƙarfe 8:15 na safe, jirgi ɗaya ya saki bam ɗaya a kan Hiroshima, gari mai mutum wajen 350,000, ya fashe a sama kamar mita 600 kafin ya iso ƙasa. Abin da ya fara zuwa haske ne, tare da zafin da a ƙarƙashin inda ya fashe ya kai digiri 3,000 zuwa 4,000, mu nan in zafin watan Afrilu ya kai 43 barci gagararmu yake yi, ƙarfe kuwa a wajen 1,500 yake narkewa. Waɗanda ke kusa ba a samu gawar da za a wanke ba, akwai wanda ke zaune a matakalar wani banki, tabon inuwarsa kawai anka tarar a jikin dutse. Sai iska mai ƙarfi ta biyo baya ta kwantar da kusan duk wani gini cikin kilomita 2 ta kowane gefe, sai gobara ta haɗe garin ta zama wuta guda. Waɗanda sunka tsira sun ba da labarin mutane na tafiya hannuwa a miƙe fatar jikinsu ta saɓule tana reto, ba abin da suke cewa sai ruwa, ruwa, sunka yi ta faɗawa koguna har kogunan sunka cika da gawa. Dubban 'yan makaranta na waje a safiyar an fito da su aikin rushe gidaje don tare gobara, mafi yawansu ba su koma gida ba. Kafin ƙarshen shekarar mutum wajen 140,000 sun mutu. Bayan kwana 3, ranar 9 ga wata, anka jefa na biyu a Nagasaki, mutum sama da 70,000, kuma asali ma garin Kokura anka nufa, hayaƙi da gajimare sunka rufe shi sai jirgin ya juya. Ka ji fa, gajimare ne ya raba waɗanda za su kwana da rai da waɗanda za su ƙone.

Ɗauki wannan ka aza a kan Gusau. Kilomita 2 ta kowane gefe daga tsakiyar gari, ka lissafa da kanka unguwa nawa ke ciki, Kanwuri, Sabon Gari, Tudun Wada, kasuwa, tasha, makarantun allo da na boko, duk cikin ƙiftawar ido. Sannan ka tambayi kanka wa zai ɗauki wa. A Hiroshima cikin likitoci kusan 300 da ke garin, wajen 270 ko sun mutu ko su ma suna kwance da rauni. Mu tuna tankar man da ta fashe a Majiya ta jihar Jigawa a watan Oktoban 2024, mutum sama da 150 sunka mutu, waɗanda sunka ƙone sai da anka rarraba su asibitocin garuruwa daban daban don babu wuri guda da zai iya ɗaukarsu, ƙuna ciwo ce mai cin gado da jini da ruwa da ma'aikata. Tanka ɗaya ke nan. To ina ga mutum dubu hamsin masu ƙuna a yini guda, babu wuta babu ruwa babu hanya, asibitin kansa ya zama toka? Hatta ƙungiyar Red Cross ta duniya, wadda likitanta ya shiga Hiroshima makonni kaɗan bayan abin, ta sha faɗa cewa babu wata ƙasa ko ƙungiya da ke da ƙarfin kai agajin da ya dace in anka sake yin haka.

Amma duk wannan wuta ce da rugujewa, kuma ana iya cewa ai bam na yau da kullum ma yana yi in an jefa da yawa. Inda nukiliya ya fita daban shi ne abin da ke biyowa, kuma nan ne yake kama da abin da munka sani. Bayan fashewar sai anka yi wani baƙin ruwan sama mai yauƙi, mutane ga ƙishi ga ƙuna sunka buɗe baki suna sha, ashe burbushin bam ɗin ne ya sauko. Mutumin da ya fito lafiya lau babu ko ƙwarzane, ya yi hamdala, bayan mako ɗaya ko biyu sai gashi ya fara zuba, dasashi na jini, gudawa, ɗigo ɗigon tabo a fata, ya mutu likita na kallo bai san sunan ciwon ba. Tururin nukiliya, wanda ido ba ya gani, ya ratsa jiki ya kashe ɓargon da ke yin jini. Ita dalma ma akwai maganin da ke zuƙo ta daga jini a hankali, shi kuwa tururin da ya riga ya ratsa ka ya yi ɓarnarsa ya wuce, babu abin da za a zuƙo. Waɗanda sunka shigo garin daga baya neman 'yan uwansu su ma wasu sun kwasa. Matan da ke da ƙaramin ciki kusa da wurin, wasunsu sunka haifi yara masu ƙaramin kai da tawayar ƙwaƙwalwa. Bayan 'yan shekaru kansar jini ta ɓarke musamman ga yara, akwai yarinyar nan Sadako Sasaki da duniya ta san labarinta, tana da shekara 2 lokacin bam ɗin, ta girma har tana gudun tsere a makaranta, a 1955 tana da shekara 12 kansar jini ta kashe ta. Sauran nau'in kansa kuma sunka yi ta fitowa bayan shekara 20, 30, 40.

Akwai kuma wani ciwon da ba na jiki ba. Waɗanda sunka tsira, ana ce musu hibakusha, da yawa ɓoyewa sunka yi ta yi don in an san daga can kake ba a ba ka aure, ba a ɗaukarka aiki, ana tsoron jininka. Duk wanda ya san yadda ake binciken asali kafin aure a ƙasar Hausa ya san nauyin wannan. Ƙungiyarsu ce anka ba kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2024, tsofaffi ne tukuf yanzu, shekara kusan 80 suna yawo suna nuna tabon jikinsu suna roƙon kada a sake.

Wani zai ce to ai ga Hiroshima can yau, birni ne mai mutum sama da miliyan ɗaya, ina ƙare dangin? Gaskiya ne an sake gina ta. Amma bam ɗin a sama ya fashe don haka mafi yawan burbushin iska ta ɗauke, kuma garuruwa biyu ne kawai, sauran duniya na tsaye ana iya kawo abinci da magani da siminti. Sannan bam ɗin Hiroshima ƙarfinsa kamar tan 15,000 ne na nakiya, a ma'aunin yau ƙaramin alhaki ne. Wanda Amurka ta gwada a tsibirin Bikini ranar 1 ga Maris 1954 ya ninka shi sau 1,000, tokarsa ta sauka a wani tsibiri mai suna Rongelap fara fat, yara sunka yi ta wasa da ita ba su san mece ce ba, daga baya gashi ya zube fata ta ƙone. Wanda Tarayyar Sobiyet ta gwada a 1961 ya ninka na Hiroshima sama da sau 3,000. Yau ƙasashe 9 ke riƙe da makamin, Amurka, Rasha, Ingila, Faransa, Sin, Indiya, Pakistan, Koriya ta Arewa, sai Isra'ila da ba ta taɓa amsawa a fili ba, jimilla kusan 12,000, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na hannun Amurka da Rasha. Iran ɗin da yaron ke jira ta harba ma ba ta cikin jerin.

Mu ɗauka ma tana da shi ta harba. Daga Tel Aviv zuwa Ƙudus kamar Gusau zuwa Ƙauran Namoda ne da 'yar ɗoriya, Gaza ma ba ta fi haka nisa da yawa ba. Iska ba ta da fasfo, inda ta ga dama nan za ta kai tokar, ko kan Gaza, ko kan Masallacin Ƙudus, ko Jodan, ko Lebanon. Cikin 'yan ƙasar Isra'ila kansu kusan mutum 1 cikin 5 Balarabe ne. Wato Falasɗinawan da kake kuka dominsu su za ka fara shafewa, kafin a zo maganar ramuwa, wadda kowa ya san za ta biyo baya kuma da irin makamin. Sannan yaran Yahudawa da ke cikin zanin goyo, su me sunka yi? Lokacin da wani ministan Isra'ila ya ce a watan Nuwamban 2023 wai jefa nukiliya a Gaza na cikin abin da za a iya yi, dukanmu tsine masa munka yi, kuma mun yi daidai. To maganar ba ta canja don ta fito daga bakinmu.

Na dajin ɓarayi kuwa shi ya fi ba ni tsoro don a gida ne. Waye a cikin dajin? Ɗiyanmu da anka sace suna ɗaure a can, matanmu na can, ƙauyukan da anka tilasta wa noma da biyan haraji na can gefe, rugagen da ba ruwansu na can. Ruwan da ya sauka a dazukan nan shi ke gangarowa gulabe, shi ke cika Bakolori, da shi ake noman shinkafa da albasa har Sakkwato har Kebbi. Burbushin nan in ya sauka kan ciyawa saniya ta ci, yana fitowa cikin nono, wani nau'insa ya maƙale a maƙogwaron yaro, wani ya shige ƙashi ya zauna kamar abincin ƙashi ne, akwai wanda sai bayan shekara 30 rabin ƙarfinsa ke raguwa. Fura da nonon da muke sha kullum ke nan. Ko bam na yau da kullum da ake saitawa da ido mun ga abin da kuskurensa ya yi a Tudun Biri ta jihar Kaduna a watan Disamban 2023, masu Mauludi sama da 80 a dare ɗaya. Wannan kuwa ba ya ma buƙatar kuskure, aikinsa ke nan.

Masu cewa ai rigimar manya ce can nesa, ba ta iso mu, su tambayi tsofaffi. Ranar 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta fasa bam ɗinta na farko a Reggane cikin Saharar Aljeriya, ya ninka na Hiroshima kusan sau 4, kuma a tsakiyar hunturu, lokacin da iska ke kwaso ƙurar Sahara ta sauke mana a kan tuwo. Gwaji 17 ta yi a Aljeriya tsakanin 1960 da 1966. Shugabanninmu na lokacin ba su ɗauki abin da wasa ba, bayan gwaji na uku gwamnatin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa a watan Janairun 1961 ta yanke hulɗa, ta hana jiragensu na sama da na ruwa shigowa, ƙasa 'yar wata 3 da samun 'yanci fa. Ko sinadarin yuraniyom ɗin da anka yi bam ɗin Hiroshima da shi, mafi yawansa daga mahaƙar Shinkolobwe ta ƙasar Kwango anka haƙo shi, ga kuma Arlit nan maƙwabtanmu a Nijar an shekara sama da 50 ana kwasa. Tun farkon lamarin Afirka na ciki, ba a dai tambaye ta ba ne.

Amma ni abin da ya fi tsaya min a rai damina ce. In birane da yawa sunka kama da wuta lokaci guda, baƙin hayaƙin na hawa can sama da inda gajimare ke tsayawa, inda ruwan sama ba ya isa balle ya wanke shi, sai ya bazu ya zagaye duniya ya tare rana shekara da shekaru. Rana ta ragu, ƙasa ta yi sanyi, teku ya rage tururi, ruwan sama ya ja baya. An taɓa ganin ɗan samfurinsa, dutsen Tambora ya yi aman wuta a Indunusiya a 1815, shekarar da ta biyo baya amfanin gona ya lalace a Turai da Amurka har anka yi ƙanƙara a watan Yuni. A 2022 wasu masana ƙarƙashin jagorancin jami'ar Rutgers ta Amurka sunka yi lissafi da kwamfuta, sunka ce yaƙin nukiliya tsakanin Indiya da Pakistan kawai na iya kashe mutum sama da biliyan 2 da yunwa, na Amurka da Rasha kuwa sama da biliyan 5. Lissafi ne, na sani, ana iya gardama a kan adadin. To a raba shi goma ma a ga abin da ya rage. Mu da damina ɗaya ce gare mu ta wata huɗu, wadda in ruwa ya yi jinkirin mako uku sai an fita roƙon ruwa, mu da iyayenmu har yau suna ba da labarin farin 1973 da na 1984 da yadda shanu sunka yi ta faɗuwa a hanya, wa ya kai mu shiga haɗari? Babu wanda zai ɓata bam ɗinsa a kan Gusau ko Birnin Kebbi, yunwar ce za ta iso har ɗaka. Jiki magayi ai, a 2022 da Rasha ta shiga Yukren ko nukiliya ɗaya ba a harba ba, amma manomin Talatar Mafara ya ji a kuɗin buhun taki, mai shayin da nake zama wurinsa ya ji a kuɗin burodi. Kuma ranar da abinci ya yi ƙaranci a duniya kowace ƙasa rufe rumbunta za ta yi, ba mai tuna mu.

Akwai hujja guda da masu goyon bayan makamin ke kawowa wadda ba zan raina ba, don ni ma ta taɓa cin ƙarfina. Suna cewa duba Gaddafi, ya ajiye shirinsa a 2003, a 2011 anka yi masa taron dangi anka kashe shi, makaman Libiya sunka watsu cikin Sahel har wasu sunka iso dazukanmu. Duba Yukren, a 1994 ta yarda ta miƙa makaman nukiliyar da ta gada daga Tarayyar Sobiyet bisa alƙawarin ba za a taɓa ta ba, ga yadda ta ƙare. Koriya ta Arewa kuwa da ta riƙe nata ba mai ɗaga mata yatsa. Kuma ga rashin adalci ƙiri ƙiri, ƙasashe 5 masu makamin sun shiga yarjejeniyar 1968 cewa kowa ya haƙura su ma za su kwance nasu, sama da shekara 50 ba su kwance ba sai ma sabuntawa suke yi, sannan su ke yi wa wasu wa'azi. Duk wannan haka yake, munafunci ne kuma ina kiransa da sunansa.

Sai dai ita wannan kariya da ake taƙama da ita, a kan me ta tsaya? A kan cewa kullum, kowace rana, har abada, babu shugaban da zai haukace, babu na'urar da za ta yi ƙarya, babu sojan da zai firgita. A watan Oktoban 1962 lokacin rikicin Kyuba, wani jirgin Sobiyet na ƙarƙashin teku ya ɗauka an fara yaƙi, kyaftin ɗin ya so ya harba makamin nukiliya, wani hafsa guda Vasili Arkhipov ya ƙi amincewa. Ranar 26 ga Satumba 1983 na'urar Sobiyet ta nuna Amurka ta harbo makamai 5, hafsan da ke bakin aiki Stanislav Petrov ya ce ƙarya na'urar ke yi, kuma ashe hasken rana ne a kan gajimare ya ruɗe ta. A watan Maris 2022 Indiya ta harba makami mai linzami cikin Pakistan bisa kuskure, Allah ya taƙaita babu nukiliya a kansa kuma Pakistan ba ta rama ba, a watan Mayun 2025 kuma sunka gwabza na kwana 4. Tsakanin waɗannan biyun mintoci kaɗan makami ke yi ya isa, babu lokacin shawara balle na istihara. Allah ne ke ta tsarewa, amma ba a ajiye garwashi cikin rumbu a ce ai shekara 80 bai kama ba. Kuma in kowace ƙasa ta bi hujjar Libiya, ƙasashe 9 za su koma 30, hannuwan da ke iya kuskure su ƙaru. Afirka ta Kudu ta ƙera guda 6 ta kwance su da kanta, kuma tana nan ba wanda ya mamaye ta.

Ta fuskar addini kuwa ni ba malami ba ne, amma abin da munka koya a zaure ya isa. Wasiyyar da Sayyidina Abubakar ya yi wa rundunar da ya tura Sham sananniya ce, kada a kashe mace, kada a kashe yaro, kada a kashe tsoho tukuf, kada a sare itace mai 'ya'ya, kada a rushe wurin da mutane ke zaune, kada a yanka dabba sai don ci. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana azabtarwa da wuta. Alƙur'ani ya siffanta mai ɓarna a bayan ƙasa da wanda ke halaka shuka da zuriya. To a nuna min guda ɗaya cikin waɗannan da nukiliya ke iya kiyayewa. Takobi na da ido don mai riƙe da shi na da ido, bindiga ma haka, wannan kuwa ba a iya ce masa tsallake gidan can akwai mai jego. A Nagasaki kusa da babbar majami'ar garin ya fashe ya kashe Kiristocin da ke ciki, a Hiroshima har fursunonin yaƙi Amurkawa ya kashe, 'yan ƙasar da ta jefa shi. Shi ya sa in na ji wani na cewa bam ɗin Musulunci sai jikina ya yi sanyi, ban san ta inda waɗannan kalmomi biyu sunka haɗu ba. Mu da kowace shekara muke raka iyayenmu filin jirgi zuwa Makka, mu ne ya kamata mu fi kowa tsoron ranar da za a fasa wannan abu a Gabas ta Tsakiya.

Kada a fahimce ni ba daidai ba, ilimin nukiliya kansa ba shi nake zagi ba, akwai ƙaramar tukunyar bincike a Jami'ar Ahmadu Bello Zariya tun 2004, da irin wannan ilimin ake gasa kansa a asibiti, ana samar da lantarki da shi a ƙasashe da yawa. Makamin nake nufi. Kuma a nan Najeriya ta tsaya inda ya dace, tana cikin yarjejeniyar Pelindaba ta 1996 da ta haramta shi a duk Afirka, tana cikin ƙasashe 122 da sunka amince da yarjejeniyar haramta shi baki ɗaya a Majalisar Ɗinkin Duniya a 2017, ta kuma tabbatar da ita ranar 6 ga Agusta 2020, daidai shekara 75 da Hiroshima. Masu makamin ba ko ɗaya da ya sa hannu, na sani. Amma ina so yaranmu su san cewa ƙasarsu na da matsaya, ina so malamanmu masu tafsiri da limaman Juma'a su taɓo maganar in rikici irin wannan ya taso, malaman makaranta su ba da labarin Hiroshima da Reggane kamar yadda ake ba da na yaƙin basasa, mu kuma masu waya a hannu mu yi wa waɗanda anka zalunta addu'ar Allah ya fitar da su ya saka musu, ba tare da mun haɗa da roƙon abin da zai ƙone su tare da azzaluman ba.

A daren nan ban yi wa yaron duk wannan dogon bayani ba, labarin ɗiyar gwaggona kawai na ba shi, da ɗanta na uku da ya rayu. An kankare ƙasar gidansu, an ba shi magani wata da watanni, gubar ta ragu a jininsa. Zuwana Anka na ƙarshe na gan shi, ya zama saurayi gemu ya fara fito masa, ya gaishe ni da fara'a ya ce Kawu sannu da zuwa. An sa shi makaranta sau biyu karatun bai zauna ba. Har yau in an aike shi kasuwa uwarsa ce ke ƙulle masa kuɗin a leda daidai adadin, don ba ya iya lissafin canji.